Yadda Gishiri Ya Shiga Lissafin Masu Kula da Madatsun Ruwa

A shekarar 1944 Amurka da Meziko suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan Kogin Kolorado. An yanka wa Meziko kimanin kubik mita biliyan 1.85 a shekara, amma ba a gindaya wani ma'auni na gishirin da ke cikin ruwan ba. Tunanin zamanin ke nan: in dai mudu ya cika, an gama magana.

Sai 1961 ta zo. Aka fara zuƙo ruwan zartsi daga ƙarƙashin gonakin Wellton-Mohawk a jihar Arizona ana zuba shi cikin kogin, ga kuma ruwan da ke gangarowa ya ragu domin ana shirin cika tafkin da ke bayan madatsar Glen Canyon. Gishirin ruwan da ke isa Meziko ya kusa ninkawa, amfanin gona a kwarin Mexicali ya ƙone. Shekara goma sha biyu ana ja-in-ja kafin a daidaita a 1973, inda aka ƙayyade iyakar bambancin gishiri tsakanin ruwan da Amurka ke ɗiba a madatsar Imperial da wanda take miƙa wa maƙwabciyarta.

Ta yaya madatsa ke ƙara wa kogi gishiri? Ruwan da aka tare yana kwance a rana, wani sashe ya tashi tururi, gishirinsa ya zauna. Wanda aka kai gonaki kuma ya wanko gishirin ƙasa ya dawo da shi. Amma babbar ɓarnar a bakin teku take. Ruwan teku ya fi na kogi nauyi, don haka yakan kutso ta ƙasa, ba abin da ke tare shi sai ƙarfin gudun kogi. Da an rufe ƙofofin dam da rani, sai teku ya samu hanya.

Mutanen kudu maso yammacin Bangaladash sun ga haka bayan Indiya ta buɗe madatsar Farakka a 1975 don karkata ruwan Ganges zuwa tashar jiragen ruwa ta Kalkata. Gorai, reshen Kogin Ganges a Bangaladash, ya riƙa ƙafewa da rani, zartsi ya hau zuwa yankin Khulna da dajin Sundarbans. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka yi a 1996 ta shekara 30 ce kawai.

Labarin Kogin Sanagal ya fi taɓa ni, domin can an gina madatsar Diama a 1986 musamman don hana ruwan teku hawa. Ta hana ɗin kuwa. Sai dai fadamun da ke ƙasanta a ɓangaren Muritaniya, da suka saba shan ambaliya kowace damina, suka bushe suka zama farin fili mai gishiri, masunta da makiyaya suka rasa abin dogaro. Daga 1994 aka fara sakar musu ruwa da gangan a lokacin da ambaliyar ta saba zuwa, ciyawa da kifi da tsuntsaye suka dawo gandun dajin Diawling da ke wannan yanki. Ashe ruwan da injiniyoyi ke kira asara don ya wuce zuwa teku, aiki yake yi a hanya.

A Kalifoniya ma, doka ta tilasta sakin ruwa daga manyan madatsu irin su Shasta da Oroville don riƙe zartsin teku nesa da famfunan da birane da gonaki ke sha. A shekarun fari lissafin kan yi tsauri, domin kowane ɗigo da aka saki ya fita daga rabon wani. A 2015 tafkunan suka yi ƙasa har hukuma ta jibge duwatsu ta toshe wani reshen kogi don tare gishirin, ta sake yin haka a 2021.