Sankarar bututun maɗaciya na cikin hanta: abubuwan da ke jawo ta

Sankarar bututun maɗaciya na cikin hanta, wadda likitoci ke kira kolanjiyokasinoma, ciwon daji ne da ke tsirowa a bangon ƙananan hanyoyin da ke kwashe ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji. Ita ce ta biyu a yawa cikin cututtukan dajin da ke farawa a hanta. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma takan yi nisa a ɓoye kafin rama, ciwon gefen dama na ciki ko shawara su bayyana. Kusan duk abubuwan da ke jawo ta hanya ɗaya suke bi: kumburin bututun na shekara da shekaru, ko maɗaciyar da ta kwanta ta kasa gudana.

Tsutsar hanta

Wannan ne sababin da aka fi sani, tarihinsa kuma ya fi tsawo. A wajajen 1874 wani likita mai suna James McConnell ya ga tsutsar da ake kira Clonorchis sinensis a hantar gawar wani kafinta ɗan China a birnin Kalkata na Indiya. Ƴar'uwarta, Opisthorchis viverrini, ta fi yawa a Tailan, Lawos da Kambodiya. Ƙwan tsutsar yana fita da bayan gida ya shiga ruwa, dodon koɗi ya haɗiye shi, daga nan ta koma jikin kifi. Idan mutum ya ci kifin ɗanye, sai ta hau bututun maɗaciya ta zauna, har ta kai shekara 20 ko fiye tana gurzar bangonsa.

A arewa maso gabashin Tailan, musamman lardin Khon Kaen, akwai abincin gargajiya mai suna koi pla: ɗanyen kifi yankakke da ruwan lemun tsami da barkono. Lemun ba ya kashe tsutsar. Shi ya sa yankin ya fi ko'ina a duniya yawan masu wannan sankara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa Opisthorchis viverrini cikin tabbatattun masu jawo sankara a 1994, Clonorchis sinensis kuma a 2009. Maganin prazikwantel yana kashe su, amma wanda ya koma wa ɗanyen kifi zai sake ɗauka.

A nan ya kamata a raba zare da abawa. Mahautan Yamai sun san wata tsutsa mai faɗi kamar ganye, wadda ke fitowa idan aka tsaga hantar saniyar da ta yi kiwo a fadamun kogin Isa. Wannan Fasciola gigantica ce, ba ta cikin tabbatattun masu jawo sankara. Waɗancan biyun na Asiya ne, kuma kifin da aka soya ko aka dafa a miya ba ya ɗauke da tsutsa mai rai.

Ciwon hanta na B da C

Ga mutanen Nijar, wannan ne ya fi cancantar kulawa. Ƙasar tana cikin yankin da ƙwayar hepatit B ta yi katutu, kuma rajistar ciwon daji da aka buɗe a Yamai a 1992 ta sha nuna sankarar hanta a sahun gaba tsakanin maza. Yawancin wannan sankarar naman hantar kanta ce, ba ta bututun ba, amma B da C, da ƙeƙashewar hantar da ke biyo bayansu, suna ƙara haɗarin ta bututun ma. Ƙwayar B takan shiga jiki tun ana ƙuruciya, daga uwa zuwa jariri, ko ta aska da allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya amfani da su. Abin takaici, mai ɗauke da ita kan shekara 30 bai sani ba, alhali gwajin jini ɗaya ya isa. Rigakafin B ya shiga allurar yara a Nijar a wajajen 2008.

Cututtukan bututun

Duwatsun da ke toshe bututun cikin hanta sun fi yawa a Taiwan, Japan da Koriya. A Turai da Amurka kuwa babban sababi shi ne wata cuta da ke ƙanƙance bututun a hankali, mai tafiya tare da gyambon babban hanji. Akwai kuma waɗanda ake haifa da bututu mai kumburi kamar jaka, irin cutar da likitan Faransa Jacques Caroli ya bayyana a 1958.

Sinadarai

Daga wajajen 1930 zuwa shekarun 1950 an yi ta yi wa marasa lafiya allurar Thorotrast don hoton ciki ya fito sarai. Sinadarin toriyum da ke cikinta ya maƙale a hanta, sankarar ta bayyana bayan shekara 20 zuwa 40. A 2012 an gano cutar tsakanin matasan ma'aikatan wata maɗaba'a a Osaka ta Japan, waɗanda suka daɗe suna shaƙar ruwan wanke injin buga takardu a ɗaki marar iska. A 2014 hukumar Liyon ta tabbatar da laifin sinadarin dikloropropan da ke cikin ruwan wankin.

Sauran abubuwa

Bincike da dama ya danganta ta da ciwon suga, ƙiba, kitsen hanta da yawan shan giya. Kan taba sigari masana sun saɓa. Mafi yawan waɗanda ke kamuwa da ita a wajen Asiya ba a samun ko ɗaya daga cikin manyan sababan nan a tare da su.