An ce a wuce da jariri Damagaram: me ke jiran sa a can?

Wane jariri ne ake turawa babbar likita?

Bakwaini, wato wanda ya zo kafin ciki ya cika mako 37, da wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba, da wanda ya faɗo bai yi kuka ba bayan doguwar naƙuda. Daga CSI (ƙananan cibiyoyin lafiya) ko likitocin Mirriya, Matamai da Tanut, akan wuce da irin waɗannan zuwa Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, wato Damagaram.

In a gida aka haihu fa, me za a duba?

Ƙin kama nono, jijjiga, numfashi sama-sama da ya kai 60 a minti ɗaya, ƙirji na lotsawa, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, cibiya ta yi ja tana ruwa. Ko ɗaya aka gani, a tafi a ranar. "Bari a yi suna tukuna" ta ci jarirai da yawa, domin mako na farko shi ne mafi haɗari. A hanya kuma, ko a kan kabu-kabu ne, a manna shi a ƙirji, a sa masa hula, a rufe da zane.

Dole ne sai an sa shi a kwalba?

A'a. Kwalba ɗumi take bayarwa, kuma tana da amfani ga wanda ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Sai dai tana son wuta, ba ta kuma isar kowa. Shi ya sa ake koya wa uwa goyon kangaru, wanda aka fara a Bogota ta Kolombiya a 1978: jariri daga shi sai nafkin da hula, a kwantar da shi tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, a ɗaure. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara shi da zarar an haifi bakwaini. Wasu na ganin kamar an rage musu hakkinsu ne in aka ce su goya a ƙirji. Ni kam ina ganin shi ne maganin da ke bin uwa har gida, musamman a sanyin hunturu. Uba ko kaka na iya karɓar ta ta huta.

Robar hanci da shuɗiyar fitila fa?

Wanda bai iya tsotso ba, ana tatsar nonon uwa a zura ta siririyar roba zuwa cikinsa. Wata robar ta iskar numfashi ce. Fitilar kuwa ta shawara ce: ana rufe masa ido, hasken ya narkar da abin da ke mayar da fata ruwan ɗorawa, kafin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Iya ta ce a gasa cibiya, a kira wanzami. A yi?

A ba ta haƙuri. Gasa cibiya, toka da cire beli ƙofar ƙwayoyin cuta ne. Dakashi kuma kada a zubar, a ba shi ya sha.

Nawa za a kashe?

Tun 2006 dokar Nijar ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne a likitocin gwamnati. Amma magani kan yanke a rubuto takardar saye, ga kuɗin mota da abincin mai jinya, don haka a riƙa ajiye ɗan wani abu tun ana zuwa awo.