Waiwaye: Yadda fumfuna ta shiga harkar tsamo ƙarafa masu tsada daga shara

Tushen wannan lamari yana masana'antar abinci. A 1917 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, James Currie, ya nuna cewa baƙar fumfunar nan mai suna Aspergillus niger, wadda ke baibaye albasa idan ta ji laima, tana fitar da sinadarin tsami irin na lemo idan aka ciyar da ita da sukari, kuma a 1919 kamfanin Pfizer ya fara samar da shi ta wannan hanya. Sai daga baya aka mai da hankali kan cewa wannan tsami yana narkar da ƙarfe, ya kuma riƙe shi cikin ruwa ta yadda za a iya tace shi.

Masu haƙar ma'adinai sun daɗe suna fifita ƙwayoyin bakteriya, waɗanda tun shekarun 1950 aka fara tsamo jan ƙarfe da su a jihar Utah ta Amurka. Matsalar ita ce, waɗannan ƙwayoyi da farar wuta da ƙarfen da ke cikin dutse suke rayuwa, alhali tsohon batir da tokar masana'anta ba su da abincin da zai ishe su. Nan ne fumfuna ta samu gurbi, tunda ita da sukari ake ciyar da ita.

Bincike ya ƙara kankama bayan 2010, lokacin da Sin ta rage fitar da ƙarafa 17 masu wuyar samu, waɗanda ake yin maganaɗisun wayoyi da injunan lantarki da su. A 2014 cibiyar bincike ta VTT a Finland ta sanar cewa matacin da ta yi da saiwar naman kaza, wanda shi ma dangin fumfuna ne, yana kama har kashi 80 cikin 100 na zinaren da ke cikin tarkacen wayoyi. A 2016 kuma masu bincike a wata jami'a a Florida suka ce tsamin da fumfuna ke fitarwa ya tsamo har kashi 85 na litiyam daga tsofaffin batura, amma na kobalt, wanda shi ne abin nema a kasuwa, bai wuce kashi 48 ba.

Buƙatar dai a fili take, domin a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki. Sai dai a ganina ana gaggawar yabo, tunda aikin da sinadarai masu ƙarfi ke gamawa cikin sa'o'i yana cin wa fumfuna makonni, sukarin ciyar da ita yana da tsada, kuma idan ƙarfen ya yi yawa cikin ruwan yakan zame mata guba. Shi ya sa yawancin aikin har yanzu bai fita daga ɗakin gwaji ba.