Bikin Adabi na Alliouagana a Tsibirin Montserrat

Bikin Adabi na Alliouagana taro ne na marubuta da masu karatu da ake gudanarwa shekara-shekara a cikin watan Nuwamba a Montserrat, wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke gabashin tekun Karibiyan ƙarƙashin ikon Birtaniya. An fara shi a shekarar 2009, kuma reshen Jami'ar West Indies da ke tsibirin ne ya ƙirƙiro shi, a zamanin da Gracelyn Cassell, ƙwararriya a aikin laburare, take shugabantar reshen. Da Turanci ana kiransa Alliouagana Festival of the Word, shi kuwa Alliouagana suna ne da mutanen Kalinago, waɗanda suka riga Turawa zama a wannan yanki, suke kiran tsibirin da shi. A cikin 'yan kwanakin da ake yi ana bikin, akan karanta rubutattun waƙoƙi da labarai a gaban jama'a, a ƙaddamar da sababbin littattafai, a gabatar da laccoci, a shirya bita ga masu sha'awar rubutu, a kuma kai marubuta makarantu domin su gana da ɗalibai.

Tsibirin da jama'arsa

Faɗin Montserrat bai wuce murabba'in kilomita 102 ba, kuma ƙidayar da aka yi a shekarar 2011 ta nuna mutum 4,922 ne ke zaune a cikinsa, adadin da bai kai jama'ar unguwa guda a babban birni ba. Christopher Columbus, matuƙin jirgin ruwa daga Turai, shi ne ya raɗa masa wannan suna a 1493, sunan wani dutse da ke Sifaniya mai ɗauke da gidan ibadar Kirista. Turawan da suka fara kafa mazauni a can a 1632 galibinsu 'yan Ailan ne da suka ƙetaro daga tsibirin St Kitts, daga baya aka riƙa kawo bayi daga Afirka domin noman rake, kuma jikokin waɗannan bayi su ne mafi rinjayen mazauna tsibirin a yau. Turanci shi ne harshen hukuma da makaranta, amma a gida da kasuwa mutane suna magana da irin nasu karin harshe da ya samo asali daga cuɗanyar Turanci da harsunan bayin, kuma wannan karin harshe yana da gurbi babba a waƙoƙi da tatsuniyoyin da ake gabatarwa a bikin.

Ba za a fahimci dalilin kafa bikin ba sai an san masifu biyu da suka auka wa tsibirin cikin shekara shida. A watan Satumba na 1989 mahaukaciyar guguwar Hugo ta ratsa shi, ta lalata mafi yawan gidajen da ke cikinsa. Jama'a ba su gama farfaɗowa ba, sai ranar 18 ga Yuli 1995 dutsen Soufrière Hills, wanda ya shafe ɗaruruwan shekaru shiru, ya fara aman wuta. An kwashe mutane daga Plymouth, babban birnin tsibirin, a karo na ƙarshe a watan Afrilu na 1996. Ranar 25 ga Yuni 1997 ambaliyar toka da iska mai tsananin zafi ta gangaro kan ƙauyukan da ke gindin dutsen ta hallaka mutum 19, kuma cikin 'yan makonni bayan haka toka da duwatsu suka binne Plymouth, filin jirgin sama na W. H. Bramble ma ya salwanta. Daga cikin mutum sama da 10,000 da ke tsibirin kafin wannan lamari, kusan kashi biyu cikin uku sun yi ƙaura, mafi yawa zuwa Birtaniya, wasu zuwa Antigua da sauran maƙwabta. Fiye da rabin tsibirin, wato ɓangaren kudu, ya zama yankin da doka ta hana zama a cikinsa har yanzu, ofisoshin gwamnati kuwa suka koma Brades da ke arewa.

Asarar ba ta tsaya kan gidaje da gonaki ba. Garin da aka binne ya tafi da titunansa da makarantunsa da maƙabartunsa, kuma yaran da aka haifa bayan 1995 ba su taɓa ganin ƙauyukan iyayensu ba sai a hoto ko daga nesa. A irin wannan hali abin da aka rubuta da abin da dattawa suka riƙe a ka su ne kaɗai hanyar da sababbin tashi za su san yadda kudancin tsibirin yake a da, shi ya sa rubutu ya sami wani nauyi a Montserrat wanda da wuya ya samu a wurin da tarihi ke tsaye a gaban ido.

Marubutan da bikin ya gada

Duk da ƙanƙantarsa, tsibirin ya fitar da marubuta biyu da suka yi suna a adabin Karibiyan. Na farko shi ne E. A. Markham, wanda aka haifa a ƙauyen Harris a 1939, ya koma Birtaniya a 1956, ya yi fice a waƙa da gajerun labarai, ya kuma koyar da ƙagaggen rubutu a Jami'ar Sheffield Hallam. An san shi da buga wasu waƙoƙinsa da sunayen aro, ciki har da Paul St Vincent da Sally Goodman, kowane suna da irin muryarsa da halinsa. Ya rasu a birnin Faris a 2008, shekara guda kafin a fara bikin. Na biyu shi ne Howard Fergus, haifaffen Long Ground a 1937, masanin tarihi kuma mawaƙi, wanda ya shugabanci majalisar dokokin tsibirin daga 1975 zuwa 2001, ya riƙe muƙamin gwamna na riƙon ƙwarya sau da dama, ya kuma jagoranci reshen Jami'ar West Indies da ke tsibirin shekaru da yawa kafin Cassell. Littafinsa na tarihin Montserrat da ya fito a 1994 yana cikin manyan madogaran masu nazarin tsibirin, kuma bayan fashewar dutsen ya rubuta waƙoƙi masu yawa a kan abin da jama'a suka gani. Ya rasu a 2023.

Su biyun sun taɓa haɗa hannu suka tattara rubuce-rubuce a kan guguwar Hugo a 1989, wato al'adar mayar da masifa rubutu ta riga dutsen tashi. Abin lura kuma shi ne Harris da Long Ground, mahaifar kowannensu, duk suna cikin yankin da aka rufe, don haka mai son sanin ƙauyukan da suka raini waɗannan marubuta ba shi da inda zai je sai littattafansu. A fagen wasan kwaikwayo akwai David Edgecombe, wanda ya rubuta wasanni da dama kuma ya koyar a Jami'ar Virgin Islands.

Yadda ake gudanar da shi

Babban zauren bikin shi ne Cibiyar Al'adu ta Montserrat da ke Little Bay, wurin da ake shirin gina sabon babban birni. Ita ma cibiyar tana da tarihinta. George Martin, Baturen Ingila da ya shahara wajen tsara faifan mawaƙa, ya buɗe ɗakin ɗaukar waƙa a tsibirin a 1979, guguwar Hugo ta rufe shi bayan shekara goma, amma bai yanke hulɗa da mutanen wurin ba. A watan Satumba na 1997 ya shirya gagarumin wasa a zauren Royal Albert da ke Landan domin tara gudummawa, ya kuma ci gaba da neman kuɗin da aka gina cibiyar da su. Samun wannan zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane yana cikin abubuwan da suka sa taro irin wannan ya yiwu, domin bayan binnewar Plymouth arewacin tsibirin ya daɗe ba shi da wurin taro na kirki.

Kowace shekara masu shiryawa sukan zaɓi jigo guda da za a gina laccoci da tattaunawa a kansa. Tun bayan rasuwar Alphonsus Cassell a watan Satumba na 2010, mawaƙin kalifso da soka (salon kiɗa ne na Karibiyan) da duniya ta sani da laƙabin Arrow, aka haɗa wa bikin jerin laccocin tunawa da shi, inda malamai da masu bincike ke gabatar da takardu. Sanya sunan mawaƙi a kan laccar bikin littattafai ba baƙon abu ba ne a Karibiyan, domin waƙar kalifso tun asali ita ce hanyar da talaka ke sharhi a kan mulki da zamantakewa, kuma mutanen yankin suna lissafa ta cikin adabi. Saboda haka ne bikin bai taƙaita ga abin da aka buga a takarda ba, akwai daren da ake buɗe fili ga duk mai waƙar da zai karanta ko ya rera, akwai ba da tatsuniya, wani lokaci har da wasan kwaikwayo da nunin fim.

Ɓangaren yara yana cikin abin da aka fi ba muhimmanci. Akan shirya jerin gwano inda yara ke yin shigar jaruman littattafan da suka karanta, ana kuma kai baƙin marubuta azuzuwa. Da yake makarantar sakandare ta gwamnati ɗaya ce tak a tsibirin, firamare ma 'yan kaɗan ne, marubucin da ya yi kwana biyu yana zagayawa zai iya haɗuwa da kaso mai yawa na ɗaliban ƙasar gaba ɗaya, abin da manyan bukukuwan Turai da duk kuɗinsu ba za su iya yin alfahari da shi ba. Teburan sayar da littattafai ma suna da amfani na musamman a wurin da shagunan littafi ba su da yawa, kuma duk abin da aka buga sai an yi odarsa daga waje ta jirgi. Ga marubutan gida, waɗanda da yawansu da kuɗin aljihunsu suke buga ayyukansu, kwanakin bikin su ne babbar damar da suke da ita ta gabatar da littafi, su sa hannu a kansa, su miƙa wa mai saye da suka san shi suka san iyayensa.

Ƙanƙantar al'umma tana sauya dangantakar marubuci da mai karatu ƙwarai. A babban birni marubuci yakan hau dandamali, ya karanta, ya sauka, ba ya sake ganin masu sauraronsa. A Montserrat kuwa wanda ya yi masa tambaya da rana yana iya zama direban da zai mayar da shi masauki da dare, ko malamar ajin da zai ziyarta washegari. Wannan kusanci yana da daɗi, yana kuma da nauyi, musamman ga ɗan gida. Wanda ya rubuta labarin ranar 25 ga Yuni 1997 ya san cewa a cikin masu sauraro akwai waɗanda suka rasa ɗan'uwa a ranar, kuma idan ya kauce wa gaskiya ko ya ƙara gishiri za a gyara masa nan take. Haka nan sukar adabi ta tsakani da Allah tana da wuya a wurin da kowa dangin kowa ne, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa gayyato marubuta da editoci daga waje yake da fa'ida, domin su ne za su iya gaya wa sabon marubuci inda aikinsa ya gaza ba tare da an ɓata zumunci ba.

Jama'ar da bikin ke yi wa hidima sun kasu kashi uku. Akwai 'yan asalin tsibirin da suka zauna duk da dutsen. Akwai waɗanda suka yi ƙaura da 'ya'yansu da aka haifa a Landan da Birmingham da sauran garuruwa, waɗanda da yawansu ke bibiyar al'amuran gida ta gidan rediyon ZJB da intanet. Sannan akwai baƙin da suka zo aikin sake gina ƙasar daga Guyana da Jamaika da Haiti da Jamhuriyar Dominika suka zauna, 'ya'yansu kuma suka cika azuzuwa. Tambayar wane ne ɗan Montserrat, kuma da wane harshe zai rubuta labarinsa, tana cikin manyan batutuwan da marubutan tsibirin ke fuskanta a wannan zamani.

Matsaloli da matsayinsa a yankin

Babbar matsalar bikin ita ce sufuri. Filin jirgin sama na John A. Osborne da aka buɗe a 2005 gajeren titi gare shi, ƙananan jirage ne kaɗai ke iya sauka, kuma duk baƙon da zai zo daga nesa sai ya fara yada zango a Antigua, daga nan ya yi tafiyar kusan minti 20 a sama, ko ya bi jirgin fito a lokutan da yake aiki. Masauki kaɗan ne, kuɗin gudanarwa kuma ya dogara ga tallafin hukumomi da 'yan kasuwa da aikin sa kai. Watan Nuwamba yana ƙarshen lokacin guguwa a tekun Atlantika, wanda ke ƙarewa ranar 30 ga watan, sai dai ya faɗo a tsakanin manyan bukukuwan tsibirin, wato makon St Patrick na watan Maris, wanda ake tunawa da yunƙurin tawayen bayi na 1768 a cikinsa, da shagulgulan ƙarshen shekara na Disamba, don haka yana jawo baƙi a lokacin da harkar yawon buɗe ido ta yi sanyi.

Bikin ya fito ne a zamanin da irin waɗannan taruka suka yawaita a Karibiyan. An fara bikin Calabash a ƙauyen masunta na Treasure Beach da ke Jamaika a 2001, baje kolin littattafai na St Martin a 2003, bikin adabi na tsibirin Dominika a 2008, sannan Bocas na Trinidad da Tobago a 2011, wanda ya fi su duka girma kuma yake ba da babbar lambar yabo ta adabin yankin. Na Montserrat bai kai waɗannan yawan baƙi ko kuɗi ba, kuma jama'ar da ke riƙe da shi ba su kai 5,000 ba, amma marubutan da ke zagaya bukukuwan yankin sukan yada zango a Little Bay, ta haka littattafan da aka rubuta a tsibirin suke samun hanyar isa ga masu karatu a Antigua da Barbados da Trinidad.