Shin Lambobin da Ba Sa Rabuwa Suna da Ƙarshe?

Wasu na zaton cewa lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11, suna ƙarewa idan ƙirga ta yi nisa. Mai wannan zato yana da uzuri, domin suna raguwa: akwai 25 tsakanin 1 da 100, amma 14 kacal tsakanin 900 da 1000.

Sai dai ba su da ƙarshe, kuma masanan Girka sun tabbatar da hakan fiye da shekara 2000 da suka wuce. Ka ɗauki duk waɗanda kake da su, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Ko da wacce daga cikinsu ka raba sakamakon, 1 zai saura. Ke nan akwai wata da ba ta cikin jerinka: ko dai sakamakon kansa, ko kuma wata da ke raba shi.

Gwada da kanka: 2×3×5×7×11×13+1 ya ba da 30031. Nan ne abin ke burge ni, domin 30031 tana rabuwa, 59×509 ce, amma duka biyun sababbi ne, ba sa cikin jerin farko.

Don Allah a tura wa ɗalibai da malamai wannan bayani.