Lean Bai Haramta Wa Ayyuka Kiran Juna Ba

Masu koyon Lean da Coq (wanda aka sauya wa suna zuwa Rocq a 2025) sun cika yaɗa cewa waɗannan manhajojin tantance hujjar lissafi ba sa yarda ayyuka biyu (functions, wato guntayen shirin kwamfuta da ake ba su bayani su dawo da amsa) su riƙa kiran juna. Ba haka ba ne. Sun yarda, sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake wa gurguwar fahimta.

Ɗauki ayyuka biyu masu gano ko lamba cika ce ko mara. Lamba cika ce idan wadda ke ƙasa da ita da ɗaya mara ce, mara ce idan ta ƙasanta cika ce, sifili kuwa cika ne. Kowanne ya dogara da ɗan'uwansa. A Lean ana rubuta su tsakanin kalmomin mutual da end, a Rocq a haɗa su da with, a Isabelle (wata manhajar irinsu) da and. Nan babu rigima.

Rigimar tana kan tsayawa. Dole manhajar ta gamsu cewa kiran zai ƙare, wato akwai abin da ke raguwa har ya kai ƙasa. A misalinmu lambar ce ke sauka ɗaya-ɗaya. In ba ta ga raguwar ba, sai ta ƙi karɓar aikin ɗungurungum, hukuncin ke nan. Da za a bar aikin da ba ya tsayawa ya shiga, da mutum zai kafa hujjar ƙarya ta hanyar cewa hujjar ita ce kanta, daga nan kuma komai ya zama gaskiya.

Amma ƙin karɓa ba ya nufin aikinka na da kuskure. Tun 1936 Alan Turing ya nuna babu na'urar da za ta iya tantance tsayawar kowane shiri, don haka dole wani lokaci a kori mai gaskiya tare da mai laifi. Lean ya bar ƙofar ɗaukaka ƙara: ka faɗi abin da ke raguwa da termination_by, ka kawo shaida da decreasing_by.

Akwai kuma kalmar partial a Lean, mai sa a tsallake binciken tsayawa, wadda wasu ke ɗauka mafita ce. Aikin zai gudana, amma an rufe cikinsa, ba za ka iya buɗe shi a cikin hujja ba. Ni dai ban ga zalunci a dokar ba. Ƙorafina saƙon kuskuren ne, da yakan tsorata ɗan koyo fiye da kima.