Waiwaye: Yadda keke ya ƙwato titi daga mota a Holan

Duk wanda ya ga hotunan Amsterdam na yau, uwa na tuƙa keke da yara biyu a akwatin gaba, sai ya ɗauka haka aka haifi mutanen Holan. Ba haka ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya samu, mota ta yi araha, masu tsara birane kuma suka ɗauki keke a matsayin abin hawan talaka da ya kusa zama tarihi. Aka yi ta rusa gidaje ana faɗaɗa tituna. A birnin Utrecht har cike wani yanki na tsohon mashigin ruwan da ya kewaye gari aka yi, aka shimfiɗa kwalta a kai.

Sai gawarwaki suka fara yawa. A 1971 kaɗai mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, sama da 400 daga cikinsu yara. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'ya, ya yi rubutu mai zafi, daga nan aka samu ƙungiyar Stop de Kindermoord, wato "a daina kashe yara". Iyaye mata suka riƙa tare titi, su jera teburan cin abinci a tsakiyar kwalta, yara na wasa a inda jiya motoci ke sheƙa gudu.

Ana cikin haka ƙasashen Larabawa suka hana Holan fetur a 1973 saboda goyon bayanta ga Isra'ila. Gwamnatin Firaminista Joop den Uyl ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wasu makonni. Mutane suka fito da kekuna kan manyan hanyoyi, suka ji yadda gari yake idan ba ƙarar injin. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa.

A ganina abin da ya biyo baya ya fi zanga-zangar ban sha'awa, domin a nan aka yi kuskure aka gyara. Da farko gwamnati ta ba da kuɗi aka gina hanyoyin keke na gwaji a biranen Tilburg da Hague, kyawawa abin nunawa baƙo. Amma hanya ɗaya tilo ba ta sauya gari ba. Mai keke daga ƙofar gidansa yake tashi, makaranta ko kasuwa yake nufa, kuma idan akwai mahaɗa guda mai haɗari a tsakani, uwa ba za ta saki ɗanta ba komai kyan sauran hanyar.

Birnin Delft ne ya gane wannan. Daga 1979 ya zana hanyoyin keke kamar saƙar raga, manya na ratsa gari, ƙanana na shiga unguwa da lungu. Aikin ma akasari cike giɓi ne: gada a nan, hanyar ƙarƙashin layin dogo a can. Groningen kuwa ta biyo ta wata kafar. A 1977 ta raba tsakiyar gari gida huɗu, mai mota ba zai tsallaka daga wani yanki zuwa wani ba sai ya fita ya zagaya, amma mai keke da mai tafiya a ƙasa su wuce kai tsaye. 'Yan kasuwa sun yi ta kumfar baki cewa ciniki zai mutu. Tsarin na nan har yau.

Utrecht ɗin nan a 2019 ta kammala wurin ajiye kekuna 12,500 a tashar jirgin ƙasa. Titin nan da aka shimfiɗa a kan ruwa kuwa, an fasa shi an haƙe, a 2020 ruwa ya koma inda yake.